Kifin da Ba Na Baba Ferrier Ba

Kifi ɗaya Baba Ferrier ke bin Tipene Horomona. Kuɗin aiki kam tsohon bai taɓa bari ya kwana ba, a bakin mota yake ƙirgawa ya miƙa. Kifin nan ne dai ya tsaya a tsakaninsu.

Shekara goma sha ɗaya tsohon yana tahowa daga Oamaru duk ƙarshen Afrilu, kafin a rufe kamun kifi, Tipene yana yi masa jagora a wani kogi mai sanyi da ke saukowa daga duwatsun bayan Murchison. Aikin Tipene ido ne. Shi ke gaba yana sanɗa a bakin ruwa, in ya hango kifin tarawut ya nuna, ya ɗaura ƙudan ƙarya na gashin tsuntsu mai ƙugiya a bakin zare, ya ja baya. Jifa ta mai biya ce. Wanda ya jefa ƙuda har kifi ya cafka shi ke da kifi, ko da za a sake shi bayan minti ɗaya. Ko mai wanke kwanuka a masaukin baƙi ya san haka.

A shekarar ta sha ɗaya 'yarsa Elspeth ce ta tuƙo shi. Hannunsa na dama ya fara rawa.

"Bana ce ta ƙarshe, yaro," in ji shi yana fama da dogon takalmin roba. "Likita ya faɗa, wannan kuma ta sa hannu."

"Haka ka ce bara, Baba."

"Bara ƙarya na yi don ka rage mini kuɗi. Ka rage?"

Akwai wani ƙaton kifi a gurbin ƙarƙashin dutse da tsohon ya yi shekara uku yana nema. Nan suka nufa. Tafiyar awa ɗaya ta ci musu biyu da rabi. Tipene ya rarrafa ya leƙa, ga shi nan kwance a gefen igiyar ruwa yana tasowa a hankali yana tsintar ƙwari.

"Yana nan, kuma yana ci. Jefa taku biyu a gabansa, Baba."

Jifa ta farko iska ta kwashe. Ta biyu ta maƙale a reshe, sai da Tipene ya hau ya ciro. Ta uku ta faɗi nesa a baya. Tsohon ya tsaya yana haki, ruwa har gwiwa, sandar kamun kifin tana karkarwa a hannunsa. Tipene ya dubi rana, ya dubi hanyar da za su koma.

"Kawo in nuna maka yadda iskar take."

Mai jagora in zai nuna jifa, gefe yake jefawa, inda ba kifi. Tipene ya sani sarai. Amma tausayi ya riga ya shige shi, ga kuma ɗan son a ga gwaninta, wanda bai taɓa yarda da shi ba sai a gaban matarsa. Ƙudan ya sauka daidai taku biyu a gaban kifin. Kifin ya taso ya buɗe baki, hannun Tipene ya ɗaga sanda kafin ya yi tunani, ƙugiya ta kama.

"Karɓi, Baba. Karɓi, naka ne."

Tsohon ya karɓa, to me zai yi? Minti ashirin yana ja yana saki, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba. Tipene ya sa koma ya kwaso. Kifi ne na gaske, ruwan zuma da ɗigo-ɗigo, ya kusa tsawon hannun mutum. Ya zaro waya zai ɗauki hoto.

"Mayar da wayar," in ji tsohon. "Saki kifin."

Suka zauna a kan dutse, Tipene ya zuba shayi daga fulas. Tsohon ya riƙe kofin da hannu biyu.

"Kifi mai kyau ka kama, yaro."

"Kai ka jawo shi, Baba."

"Jikata ma za ta iya ja." Ya kurɓa. "Ba faɗa nake ba. Mai yiwuwa in jefa sau talatin in rasa. Mai yiwuwa kuma ta huɗun ce za ta faɗa daidai. So nake in sani. Shi na zo saye."

Kifin da ya ji ƙugiya yakan kwana uku ko huɗu bai sake tasowa ba, ga shi jibi za a rufe kamun kifi a kogin. Duk su biyun sun sani.

A bakin mota tsohon ya ƙirga dala ɗari tara, ya ɗora hamsin ɗin da ya saba ɗorawa. Tipene ya ɓoye hannu a baya.

Tsohon ya ce, "Karɓi kuɗinka, ka yi yininka. Kifi nake binka, shi ba ya shiga aljihu."

Da Tipene ya gaya wa matarsa Marama, ba ta lallashe shi ba. Cewa ta yi, "Tausayin wa ka ji, nasa ko naka da ba ka iya tsayawa ka kalla?"

Ranar ɗaya ga Oktoba aka buɗe kogi. Tipene ya ƙi karɓar aikin kowa a ranar, ya buga waya Oamaru. Ya ce wa Elspeth kyauta ne, shi zai zo ya ɗauke shi, in ta kama ya goya shi har gurbin. Ta ce yanzu ko cokali ita ke riƙe masa. Ta kara wa tsohon wayar a kunne.

"Kifin yana nan?" in ji tsohon.

"Yana nan, Baba. Jiya na leƙa."

"Yana ci?"

"Yana ci."

Tipene yana jin numfashin tsohon a wayar.

"Da na yi jifa ta huɗun," in ji tsohon, bai ƙarasa ba. Can ya ce wa 'yarsa ta karɓi wayar, ya gaji.