Lambun Sarkin Japan a Cheetham Hill

Taron aiki kawai ya kai Injiniya Musbahu birnin Tokyo, amma ya dawo Cheetham Hill, unguwarsu a Manchester, kamar can aka yanke masa cibiya. Matarsa Turai ta sha labarin lambun fadar sarkin Japan har ya gundure ta: ganuwar manyan duwatsu, ɗakin dogarai, hasumiyar da gobara ta cinye tun zamanin da, aka bar tushenta kawai.

Ita ba tushen hasumiya ne damuwarta ba. A shekarun nan na tsuke bakin aljihu an rufe laburaren unguwa, an sayar da filin da take haya tana shuka. Abin da ya rage mata shi ne ɗan filin da ke bayan gidansu, inda take lallaɓa yakuwar da marigayiya Innarta ta ba ta iri. Shi ma yanzu Musbahu ya ce lambun Japan zai mayar da shi.

"Baban Zinatu, ka bar min ko lungu ɗaya," in ji ta.

"Haba Turai, it's about emptiness. Ba za ki gane ba."

Wata rana ta tafi ganin likita, ta dawo ta tarar an tuge yakuwar kaf, tun ba ta yi 'ya'ya ba. A wurin ya tula farar tsakuwa, ya ja mata layi da manjagara, ya kafa dutse a kai da ƙafa. Wai tsibiri ne a cikin teku. Turai ta shiga kicin ta yi kukanta, baƙin ciki kamar ya kashe ta.

Ran Asabar ya gayyato 'yan'uwa daga Birmingham, har da Kawu Sunusi na Aston, dattijon dangi. Gogan naka ya sha babbar riga, ya ja su zuwa sabon lambun, ya gyara murya zai fara tarihi.

Kawu ya dubi dogon tsibin tsakuwar, ya dubi duwatsun biyu. Ya yi salati, ya tuɓe takalma, ya ɗaga hannu. Sauran ma suka ɗaga.

"Kawu, garden ne fa, Japanese..."

"Yi shiru, Musbahu! A yi rashi a gidanka, ko phone call babu? Kuma council ta yarda a binne a nan?" Ya juya ga Turai. "'Yata, wa muka rasa?"

Turai ta kalli mijinta, wanda gumi ya jiƙe wa hula duk da sanyin garin.

"Yakuwar Inna ce, Kawu," ta ce. "A ƙarasa addu'ar. Ba ta bar baya ba."