Kit ɗin Yaya Maitama

Hadiyya ta fara sassaƙa biro ne a shekararta ta biyu a Kuala Lumpur, lokacin da zaman gida ya ishe ta. Mijinta Zulkiflu yana digiri na uku, in ya fita da safe sai la'asar, ita kuwa tana hawa na goma sha ɗaya a Cheras tana kallon ruwan sama. Wata Asabar ta bi ƙarar inji har wani shago da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Nan ta tarar da wani dattijo Basine, Ankul Lim, yana ba mutane hayar injin sassaƙa, irin wanda ke juya katako da gudu kai kuma kana kai masa kurfi. Masu zuwa wurin ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai. Ita ma ta shiga cikinsu.

Biro ba katako kaɗai ba ne. Sai ka sayi abin da suke kira kit, wata 'yar leda mai ɗauke da bututun tagulla biyu, da baki, da maƙalar aljihu, da ƙarfen murɗi mai turo tawada. Ka huda katako, ka manna bututun da gam, ka sassaƙe, ka goge, sannan ka matse sauran ƙarafan a jiki. In kit ɗin ba shi da kyau, aikin yini guda ya tafi a banza.

Maitama ɗan wan mahaifin Zulkiflu ne. Karatu ya kawo shi, karatun ya ƙare amma bai koma gida ba, ya zauna yana sayar da duk abin da hannunsa ya kai: turare, hijabi, cajar waya. Duk Lahadi a gidan su Hadiyya yake cin tuwo. Wata rana ya ɗauki biro ɗaya a kan tebur, ya juya shi, ya murɗa.

"Ƙanwata, ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Yaya."

"To Allah ya haɗa mu. Na samo kit kwali guda, mai kyau na gaske. Ki gwada shi da waɗanda kike amfani da su, ki yi mana ɗan bidiyo da Hausa. Mutanenmu suna jin maganarki."

Gaskiya ne, tana ɗora hotunan aikinta a zauren waya na matan Najeriya, har wasu sun fara tambayar yadda ake koyo. Ta ce ya kawo, amma abin da ta gani shi za ta faɗa. Ya yi dariya ya ce ai abin da yake so ke nan.

Ya kawo leda uku masu ɗauke da tambarinsa. Ta yanka katakon jati, wani icce mai ƙarfi na can, guda ɗaya gida uku, don kada a ce katako ne ya bambanta. Ɗaya ta sa masa kit mai tsada na shagon Ankul Lim, ɗaya ta sa masa matsakaici, na ukun ta sa na Maitama. Matsakaicin yana ɗan cijewa in an murɗa, maƙalarsa kuma ba ta kama aljihu sosai. Na Maitama kuwa ya ba ta mamaki. Bututun mai kauri, ruwan gwal ɗin sumul, murɗin kamar an sa masa man shanu. Ta rufe ido ta murɗa shi da mai tsadar, ta kasa bambancewa. Haka ta faɗa a bidiyon, da zuciya ɗaya.

Bayan mako uku Kausar ta shigo shagon. Ɗaliba ce mai digiri na biyu, wadda bidiyon ya sa ta fara zuwa koyo. Ta sayi kit ɗin Maitama ta yi biro biyar za ta raba wa malamanta. Ta ajiye su gaban Hadiyya, sai ta buɗe tafin hannunta. Yatsunta uku sun yi kore-kore.

"Anti Hadiyya, na wanke da sabulu, na wanke da lemon tsami. Ya ƙi fita."

Hadiyya ta ɗauki ɗaya. Ruwan gwal ɗin yana ɓarewa kamar ɓawon gyambo, a ƙarƙashinsa wani ƙarfe mai toka-toka duk ƙuraje. Ta murɗa, ya yi ƙiiƙ ya tsaya, baki a waje, ya ƙi komawa. Na biyun maƙalarsa ta zo mata a hannu. Na ukun katakon ya tsage daga sama har ƙasa, don bututun ba shi da kauri, ya lotsa lokacin matsewa. Katakon kuwa mai kyau ne, Kausar ta goge shi har yana sheƙi.

"Akwai saura wanda ba ki buɗe ba?"

Kausar ta ciro leda. Hadiyya na yage ta wani wari ya buge ta, warin tsohon mai haɗe da na danshi, ta kau da kai. A kusurwar ledar akwai wasu baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana. Ta san su. Kashin kyankyaso ne.

Ankul Lim ya matso, ya ɗora tabarau. Ya dubi na Kausar ya ture shi gefe da bayan kurfi, ko taɓawa bai yi ba. Sannan ya ce Hadiyya ta ba shi wanda ta yi a bidiyon. Ya ɗaga maƙalar, ya haska ƙarƙashinta da fitilar waya.

"Wannan na shagona ne lah," in ji shi, da "lah" ɗin da 'yan can ke ƙarawa a magana. "Dubi nan, an kankare tambari. Wani mutuminku mai dogon riga ya sayi uku a wurina watan jiya."

Hadiyya ta ji kamar an zuba mata ruwan wanke kifi a jiki. Ta cire rigar aiki, ta ce wa Kausar za ta neme ta, ta hau jirgi zuwa unguwar Chow Kit.

Ɗakin ajiyar Maitama yana bayan kasuwar kifi, sai an bi wani lungu da ruwan jini ke kwarara a gefensa. Ta ɗage gefen abayarta ta tsallaka. Ta same shi a tsugune, yana kwaso kit daga wani kwali da gindinsa ya jiƙe ya yi baƙi, yana goge kowanne da tsumma yana jefawa a sabuwar leda. Kusa da ƙafarsa ga robar shinkafar da ya yo tapau, wato ya sayo a ƙunshe, a buɗe, ƙuda suna bi.

"A'a, ƙanwata! Ke ce da rana tsaka?"

"Yaya, wanne kit ka ba ni?"

"Samfur na ba ki mana."

"Na shagon Ankul Lim ka saya, ka kankare tambarin, ka sa a ledarka."

Bai ko musa ba. Ya ci gaba da goga. "Ai duk kamfani ɗaya ke yin su, suna kawai ake canzawa. Kuma kowa haka yake yi. Samfur daban, kaya daban. Ke ba ki san kasuwa ba."

"Yarinya ta yi mako uku tana sassaƙa. Ka ga hannunta?"

"Gumi gare ta. Ta riƙa shafa hoda."

Ya tofa yawu a tsumman, ya murza wani baki da ya fara tsatsa, ya ɗaga shi yana dubawa a haske, ya jefa a leda. Hadiyya ta tsaya tana kallon ledar. Ta tuna ranar Lahadi da hannun nan yake gutsurar tuwo a kwanonta. Ta miƙa hannu da gefen mayafinta ta ɗauki leda biyu daga cikin waɗanda ya rufe.

"Waɗannan zan gwada."

"Hadiyya, ni fa yayan mijinki ne."

"Na sani, Yaya. Shi ya sa na zo na faɗa maka tukuna."

Da ta koma gida ta ba Zulkiflu labari. Ya shafa gemu, ya ce ko za ta goge bidiyon kawai a bar maganar, kada ta kai gida Kano. Ta ajiye masa leda ɗaya a kan littafinsa ta ce ya buɗe ya sansana. Ya buɗe. Ya miƙe ya je ya wanke hannu, ya dawo ya ce, "Yi abin da za ki yi."

Asabar ɗin da ta biyo baya ta sake gwajin, Kausar na riƙe da waya. Wannan karon safar hannu ta sa. Ta buɗe ɗaya ledar a gaban kyamara, ta zazzage abin da ke ciki a kan farar takarda, har da ƙwayoyin. Ta matse bututun da yatsa biyu ya lotsa. Ta kankari ruwan gwal da farce ya fita. Ba ta ambaci sunan kowa ba, tambarin dai yana jikin ledar. Ta ce bidiyon farko kuskurenta ne, don ta yarda da abin da aka miƙo mata ba ta je ta saya da kanta ba, ta nemi gafarar duk wadda ta saya saboda ita.

Maitama ya aiko wa Zulkiflu dogon saƙon murya yana cewa matarsa ba ta da kunya. Ya daina zuwa cin tuwo. Hadiyya ba ta tambayi dalili ba.

Birukan Kausar biyar, uku ne katakonsu bai tsage ba. Ankul Lim ya nuna musu yadda ake fitar da ƙarafan da ƙusa mai faɗin kai, a hankali, kada katakon ya ji. Suka yini suna yi. Da suka gama Kausar ta tattara tarkacen za ta zuba a kwandon shagon, Ankul Lim ya ɗaga mata hannu.

"Ba a nan ba. Kai shi bolar waje."

Ta ƙulle ledar sau biyu ta fita da ita.