Sawu a Bakin Ƙofa

Shi ya fara ganin tsagar, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ya ji haka kafin a ba shi wurin zama. Tun tana kamar silin gashi a kusurwar falo Baba ya hango ta, da idon nan nasa da bai san tabarau ba. Mutumin da ambaliya ta ci gidansa ya fito goye da matarsa, wanda mota ta kife da shi ya tashi ya karkaɗe riga, ai ba tsagar daɓe ce za ta ɓuya masa ba. Haka yake faɗa, yana dukan ƙirji.

Ɗansu ne ya gina musu gidan. Ranar da aka zuba daɓen siminti, tsohuwa, matar Baba, ta kasa haƙuri, ta leƙo ganin ɗakinta, ta jefa ƙafa a ɗanyen siminti daidai bakin ƙofa. Magini ya ɗauko cokali zai shafe, Baba ya riƙe hannunsa yana dariya.

"Bar shi nan. Gobe in ta ce ba ta da gaggawa, ga shaidata."

Magini ya ce a riƙa ba daɓen ruwa safe da yamma har ya kama, in ba haka ba zafi zai tsaga shi. Tsohuwa ta ce aikinta ne. Ta fara kuwa, da ɗan bokitinta. Sai ciwo ya kayar da ita, kowa ya koma asibiti, ba wanda ya tuna da ruwa. Har ta rasu, ko sau ɗaya ba ta kwana a ɗakin ba.

Da Baba ya tare shi kaɗai, sai ya ɗauki bokitin. Kullum yana malale falon da ruwa, tsagar kuwa tana sha tana ƙara tsawo, ta ratsa tsakiya ta miƙe sak zuwa ƙofar.

Ɗan ya dawo da magini. Magini ya durƙusa ya ƙwanƙwasa daɓen da ƙotar guduma, ƙasa ta amsa kamar ganga.

"Baba, wa ke zuba ruwa a nan?"

"Ni ne. Ba kai ka ce a ba shi ruwa ba?"

"Wancan lokacin ke nan, Baba. Yanzu ruwan shiga yake ta ƙarƙashi yana ɗaga shi. Sai dai a fasa gaba ɗaya a sake zubawa."

"Har bakin ƙofa?"

Magini ya dubi ɗan, ɗan ya ɗaga kai ya dubi silin.

"Baba, zan ɗauki hoton sawun a waya, in wanke maka babba," in ji ɗan.

"Hoto? Kana iya sa hannu a cikin hoto?" Ya tsuguna da ƙyar, ya kwantar da tafinsa cikin sawun. Yatsu biyar cif, har fason dunduniyarta ya fito. "Ban yi makaranta ba, amma na san siminti tun ba a haifi uban wannan ba. Tsagar nan ta gaji. Ba za ta iso nan ba."

Suka tafi da gudumarsu. Baba bai sake taɓa bokitin ba.

Wata safiya ya fito daga ɗakin, ya tsaya, ya daɗe yana kallon ƙasa. Wannan ma shi ya fara gani. Ya koma ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a bakin ƙofar, ya zauna a kai.

A nan ɗan ya same shi da yamma, ya gaishe shi, idonsa na bin tsagar har inda ta shige ƙarƙashin tabarma.

"Ta tsaya," in ji Baba. "Saura taƙi guda ta tsaya cak, kamar yadda na faɗa. Wanda ya ce ƙarya nake, ga ni ga shi, ya zo ya ɗaga ni ya duba."