Yau Nawa ga Wata?

A garinmu ba a taka bakin teku sai an san nawa ga wata. Kakata, Bi Mboje, ta dasa mini wannan a kai tun ban iya ɗaura zane ba. Ruwa bin wata yake yi, in ji ta. Yadda wata ke ƙara jinkirin fitowa kowane dare, haka ruwa ke ƙara jinkirin dawowa kowace rana. Ranar sha biyar, hanyar tsibirin Kijiwe tana rufewa da azahar. Ranar sha bakwai, bayan azahar da ɗan dama, ruwan ya cika da magariba. Ranar sha tara kuwa hanya a buɗe take har la'asar, cikar ruwa sai isha'i. Na haddace wannan kamar Fatiha.

Amma ni amarya ce a lokacin. Tun kafin ɗaurin aure aka killace ni a ɗaki, ana shafe ni da sandal da kanumfari, bayan biki kuma aka rufe mu ni da angona mako guda, ana turo mana shinkafa da kwakwa ta ƙofa. Wa ke ƙirga kwanaki a irin wannan hali? Ni dai na san safiya da murmushin Shaame, na san dare da muryarsa. Lissafi ya zube mini gaba ɗaya, ban kuma yi kewarsa ba.

Shaame tela ne, daga birni ya zo. Yatsunsa dogaye, dariyarsa ba ta da wuya, bai taɓa riƙe komar kamun kifi ba a rayuwarsa. Abu ɗaya ya rage mini a zuciya: mahaifiyata ba ta gan shi ba. Tana kwance a Kijiwe, a tsohuwar maƙabartarmu ƙarƙashin kuka, washegari kuma za a tafi da ni birni.

Da hantsi gida ya yi tsit. Mata duk sun tafi gonar ciyawar teku, Baba yana ɓangaren yamma wajen gyaran kwalekwale.

Na ce, "Ɗan birni, za ka iya tafiya a kan laka, ko sai an goya ka?"

"In ke za ki goya ni, ai ban iya ba."

"Tashi mu je ka gaida surukarka. Yau nawa ga wata?"

Bai ko yi tunani ba. "Sha tara."

"Ka tabbata?"

"Haba Mwanaidi! Mutumin da ya yi wata guda yana ƙirga kwanakin aurensa da yatsu?"

Sha tara: muna da lokaci har la'asar. Na ƙulle alewa a gefen zane, muka sulale ta bayan gida ba wanda ya gan mu. Daɗi ya kama ni, don a duk labaran soyayyar da na sha karantawa ba a rasa ranar da masoya ke ɓacewa su biyu.

Teku ya janye can nesa, ya bar yashi fari fat, da ƙananan tafkuna masu ƙyalli. Na ɗan yi mamakin yadda ya riga ya kwashe haka da wuri, amma Shaame yana tsalle yana gudun ƙaguwa, ni kuma dariya ta hana ni tunani. Hanyar tana da mashigi biyu, ɗaya kusa da gari, ɗaya kusa da tsibiri, a tsakaninsu kuma akwai wani dutse mai tsayi da masunta suka kafa wa sandar ƙarfe don kada kwalekwale ya hau shi. Mun wuce duka ruwa bai kai mana idon sawu ba.

A gaban kabarin ya cire hula ya durƙusa. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce a hankali, "Mama, ga ni. Ba ni da jirgi, keken ɗinki gare ni, amma ba za ta yi kuka a gidana ba." Nan take na ƙaryata shi, na fashe da kuka. Muka yi azahar a inuwar kuka, muka ci alewa, muka zauna yana ba ni labarin ɗakin da ya shafe mini da shuɗin fenti. Ban yi gaggawa ba. Me zai sa in yi?

Da muka taso, mashigin tsibiri ya kai mana gwiwa, yana ja. Na ce wataƙila iska ce ta turo shi. Muka haye. Muna wuce dutsen nan na ji ƙarar. Duk ɗan bakin teku ya san ta: kamar ana zazzage buhun shinkafa ba a daina ba. Mashigin gari ya zama kogi, ruwan kore shar, yana tafe da kumfa da ganyaye, da gudun da ya fi na mutum.

"Mu koma!" na ce.

Muka juya da gudu. Kafin mu isa, na baya ma ya rufe. Yashin da muke kai ya fara motsi, ruwa na shigowa ta ko'ina, siriri, shiru, kamar yana neman ƙafafunmu ne musamman.

Dutsen ya yayyanke mana tafin hannu kafin mu kai samansa. Wurin tsayuwa bai fi tabarmar salla ba. Muka riƙe sandar ƙarfen, muka yi ta ihu har muryoyinmu suka dushe. Gari na can, ina hango kan itatuwan kwakwa da farin masallaci, amma iska daga can take busowa, tana maido mana da kiranmu.

"Ruwa yana rufe dutsen nan?" ya tambaya.

Na so in yi masa ƙarya, na kasa. "A babban ruwa yana rufewa. Sandar kawai ake gani."

"Ke fa kin iya iyo?"

"Wace mace ka gani tana iyo a garinmu?"

Ya yi ƙoƙarin dariya. "To, 'yar teku, ashe ni ne zan goya ki."

Na sake tambayarsa kwanan wata, ya rantse mini sha tara ne. Wannan ya fi komai razana ni. Da kuskure na yi, da na san inda zan kama. Amma a ce teku da kansa ya saɓa alkawarin da ya yi wa kakannina? Sai na fara tuno labaran da ake ba mu muna yara, na masu zama a ƙarƙashin ruwa da ke son ƙamshin amarya. Jikina kuwa duk sandal ne.

Bayan la'asar ruwa ya taɓa yatsun ƙafarmu. Da ɗumi ya zo, kamar mai lallashi. Ya hau ƙauri, ya hau gwiwa. Zanena ya yi nauyi yana naɗe mini ƙafafu. Wani abu mai santsi ya goge ni ya wuce, na ƙwalla ƙara. Kijiwe ya koma ɗan baƙin tabo da kuka a kai, duk sauran duniya ruwa. Da rana ta yi ja ta sauko kan itatuwan gari, ruwan yana ƙirjina, kowace igiya in ta zo sai ta ɗaga ni daga kan dutsen ta mayar.

Sai na ga Shaame yana zare zanen da na yafa. Ya ɗaure ƙuguna da shi a jikin sandar, ya ƙulla irin ƙullin teloli, sau biyu.

"Me kake yi?"

"Ke kika ce ranar sha tara sai isha'i yake cika. Ko magariba ba a kira ba, dubi inda yake. Kafin isha'i ya shanye mu duka. Zan yi iyo in kira Baba."

"Mashigin nan ya ci masunta, balle tela!"

"Ina iyo a bakin tashar jirgi tun ina yaro."

"Wannan ba tashar jirgi ba ce! Wallahi in ka shiga ba za ka fita ba."

"In na tsaya fa? In zuba ido ina kallo ruwa ya rufe miki fuska? Ɗazu na yi wa Mama alkawari, Mwanaidi."

Ya sumbaci goshina. Na damƙe wuyan rigarsa da hannu biyu. Ina kallon fuskarsa ina cewa a raina, wannan fuskar jiya ma na gan ta a hasken wata, yau kuma... Sai tunanin ya tsaya cak.

Jiya. Daren da aka fara barinsa ya fita ne, ina bakin taga ina jiransa. Sun dawo daga isha'i shi da Baba, suka zauna a dakali shan gahawa, ina jin ƙarar ƙananan kofuna. Yana shigowa ɗaki wata na ɓullowa ta bayan rumbun kifi, ja, gefensa ɗaya a ɗan gutsure. Har ya ce, "Ga wani ma ya makara kamar amarya."

"Shaame! Jiya da wata ya fito, an kwashe kofunan gahawa?"

"Mwanaidi, sake ni, lokaci na—"

"Amsa mini!"

"Ba a kwashe ba. Baba na zaune ma."

"Watan daren sha tara ba ya fitowa sai an kulle ƙofofi, gari ya yi barci. Wanda muka gani jiya na sha bakwai ne. Sha taran nan taka, a wane masallaci aka ƙirga ta?"

Ya ce, "Namu... mu muna ɗauka ne in an gani a ko'ina, ko a wace ƙasa."

"Mu kuma sai mun gani da idonmu. Dama kun riga mu da kwana ɗaya, watan jiya kuma hadari ya rufe mana, muka cika talatin."

Kowa ya san wannan rabuwar. Kowace shekara akan yi ta cacar baki a kanta, wasu na cin abincin salla wasu na azumi. Amma duk mun ɗauke ta rigimar azumi da idi, abin malamai. Ban taɓa kawowa a raina cewa za ta biyo ni cikin ruwa ba. Lissafin Kaka da watan garinmu aka gina shi, ni kuma na ɗora masa kwanan watan birni.

"Yau sha bakwai," na ce. "Shi ya sa ya riga mu. Kuma da magariba zai tsaya."

"In kuma kin yi kuskure?"

Igiya ta mare ni a baki, na haɗiyi gishiri, na yi tari. Na ce, "To mu yi kuskuren tare. Kada ka bar ni ni kaɗai a nan, don Allah."

Ya dubi gari, ya dube ni. Na ji jikinsa ya saki. Ya zagayo da hannu ɗaya ya riƙe sandar, ya ɗaga ni da ɗayan, na tsaya a kan ƙafafunsa.

Rana ta faɗi. Sama ta yi ja kamar an yanka wani abu, ruwan ma ya ɗauki jan. Can ƙasa-ƙasa iska ta kawo mana kiran magariba. Na sa yatsa a kan maɓallin rigarsa na biyu, daidai inda ruwan yake, na ƙi ɗagawa. Ruwan ya haye yatsan. Ya kai haɓata. Na ɗaga kai sama ina shaƙar iska tsakanin igiya da igiya, ina jin bugun zuciyarsa a jikina, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa, har da addu'ar cin abinci. Jan shafaƙi ya koma toka-toka. Tauraro ɗaya ya fito. Na lalubi maɓalli na farko na riƙe.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na dai lura ganyen da ke wuce mu da gudu ya daina gudu. Ya tsaya a gabana yana juyi a hankali, kamar mai shawara. Daga nan ya kama hanyar komawa.

"Ɗan birni," na ce, muryata kamar ba tawa ba, "maɓallinka ya fito."

Na dube shi. Kuka yake yi.

Shafaƙi ya ɓace, duhu ya rufe mu ruf, irin duhun da ke zama kafin fitowar wata. Ruwa na sauka, sanyi na hawa. Haƙoranmu na kaɗawa. Mun hango fitilu na kai da kawowa a bakin gari, amma ba mai shigo da kwalekwale cikin duwatsun nan ba haske. Har lokacin wani ɓangare na zuciyata bai yarda ba. Na ce masa in lissafina daidai ne, wata zai fito bayan isha'i da kamar tsawon dahuwar shinkafa sau biyu. Muka juya gabas muka zuba ido.

Ya fito. Ja, a gutsure, a kan lokacinsa. Haskensa ya shimfiɗu a kan ruwa har gindin dutsenmu, a cikin hasken kuma ga kwalekwalen Baba, baƙi, yana tahowa.

Ashe Baba ya gane wajen kabarin Mama muka tafi. Ya kasa kwance ƙullin Shaame, sai da ya sa wuƙa. A bakin gaɓa Kaka na tsaye da fitila, mata sun kewaye ta. Ta shafa fuskata, ta shafa kafaɗuna, ta ƙirga yatsuna kamar ranar da aka haife ni. Da ta ji yadda aka yi, ta ɗaga fitilar saitin fuskar Shaame.

"Angona," ta ce, "watanku na birni, ka yi azumi da shi, ka yi salla da shi, ba ruwana. Amma in za ka kai mini kishiya teku, ka zo ka tambaye ni."

Ya ce, "Na ji, Kaka." Har muka isa gida bai saki guntun zanen da ke ƙuguna ba.