Akwatin Giyar Motar Lawali

Lawali mai awon gyaɗa ne a Gwandu, kuma shi ya sayi jar motar nan mai kujera biyu, marar rufi, daga hannun Baturen dabbobi da zai koma ƙasarsu. Shekara ɗaya ya yi yana jin daɗinta. Da damina ta kama, sai ta fara gurnani in ya sa giya ta biyu, daga baya ta ƙi shiga gaba ɗaya.

Ya lallaɓa da ita har Kalgo wurin Garba makanike, wanda ya koyi gyaran mota a soja. Garba ya sauke akwatin giyar, ya buɗe, ya nuna masa haƙora biyu da suka karye. Ya ce hanya biyu ce. Ko a aika Kano a nemo sabbin haƙora a sake haɗa akwatin, amma ba za su iso ba sai kaka. Ko kuma a ciro na wata mota irinta da ke yashe a bayan garejinsa, ciyawa ta rufe ta. Motar wani ɗan kwangila ce, wadda ta kife da shi a gangare bara, ya mutu nan take.

Lawali ya ce a ciro. Matarsa Kulu tana da cikin fari, kuma ya yi wa uwarta Rahmatu alkawari zai kawo ta Kalgo goyon ciki da kansa, a mota, ba bisa jaki ba.

Da Garba ya shiga ƙarƙashin matacciyar motar, ya daɗe bai fito ba. Ya fito yana goge hannu, ya ce ya tarar da sandar giyar a firi, ba ta cikin kowace giya, kuma birkin ya cinye ƙurmus. Mutum ba ya sauka gangare a firi da gangan.

"Wanga akwati shi ya saki mai shi," in ji Garba. "Ban ce zai sake ka ba, amma ban yarda da shi ba."

Lawali ya tambaya ko ya ga karaya a ciki. Garba ya ce bai gani ba, komai lafiya lau a ido, kuma abin da ya fi damunsa ke nan. Duk da haka Lawali ya ce a ɗaura.

Motar ta koma Gwandu ba ko tari. Sai dai wani siririn kuka da take yi in ta ɗau gudu, kamar ana wasa wuƙa a nesa. Kulu ta ji shi tun daga cikin gida, ta ce ita da an bar ta ta bi 'yan kasuwa. Ya ce mata kukan sabon ƙarfe ne.

Suka tashi ranar wata Alhamis bayan azahar, hadari na haɗuwa ta gabas. Sun kusa Dangoma sandar giyar ta fara rawa, ya dafe ta da hannu guda. Kulu ta rungume ƙunshin kayanta. A kan gangaren fadama sandar ta ƙwace, injin ya yi ƙara a banza, motar ta kwasa da gudu. Ya taka birki, taɓo ya ja tayoyin, suka zame gefe suka afka cikin ruwa.

Wani makiyayi mai suna Adamu ne ya fito da su. Kulu ba ta ji ciwo ba, amma hannun Lawali na dama ya karye a wuyan hannu. Adamu ya kira mutanen rugarsu, suka raka su Kalgo cikin ruwan sama.

Kulu ta haihu lafiya, mace. Hannun Lawali kuwa ya ɗoru a karkace, har ya daina ɗaga buhu. Da ruwa ya janye, Garba ya je da shanu aka jawo motar. Ana cikin wanke ta wani direba daga Jega ya zo yana neman akwatin giya, ya ce gaggawa yake yi. Garba ya ce a tambayi mai ita. Aka aika Gwandu, Lawali ya ce shi ba ruwansa, su yi yadda suka ga dama.