Zaren Awon Gyambo

Wasila ta ɗora zaren a bakin gyambon, ta bi da shi a hankali har ya zagayo, ta datse da almakashi. Da ta jera shi kusa da na makon jiya, sai dariya ta ƙwace mata. Ya ragu da kusan gaɓar yatsa.

"Baba Tukur, yaya jiki?"

"Da sauƙi, ɗiyata."

"Ran da aka kawo ka bisa jaki, ƙudaje na yi maka rakiya, ai haka ka ce."

"To mi zan ce? In yi wa Allah butulci?"

Wannan amsa ce ta kusa raba shi da ƙafarsa. Duk mai gyambon da ya zo ɗakin shan magani na Bungudu, da sauƙi yake cewa, ko ciwo na warkewa ko yana ruɓewa. Likita Bature da ke zuwa daga Gusau ya daina yarda da bakin kowa. In ya ga rami ya yi zurfi, sai ya rubuta mutum cikin waɗanda za a yanke wa ƙafa a Gusau. Sunan Tukur, manomi daga Furfuri, yana kan takardar, kuma yau wa'adin wata ukun da Wasila ta roƙa masa ya cika.

Ita ce mai wankin ciwo a wurin, tun dawowarta daga makarantar 'yan mata ta Sakkwato. Kullum takan wanke da dafaffen ruwan gishiri, ta zuba zuma, ta ɗaure. Duk Juma'a ta auna da zare, ta liƙa shi a littafi da ƙaro. A gari aka ce 'yar boko ta koma tsubbu. Mata suka daina cin abinci a kwano ɗaya da ita, wai hannunta na warin gyambo. Ta ci nata ita kaɗai, ta ƙoshi. Har keken ɗinkinta ta ɗauko daga gida, don kada idon sawun tsohon ya sandare.

A kansa likita ya tarar da shi da hantsi: dattijo da furfurarsa, yana taka keken da ba zane ba allura, matarsa Saude na gefe tana tsokana.

"Malam, in ka gama ka ɗinka mini zane!"

Likita bai yi dariya ba. Ya kwance ɗaurin, ya duba, ya girgiza kai. "Akwai rami har yanzu. Sai Gusau," ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe.

Keken ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, rami ka gani, ba ka ga inda ya faro ba," in ji Wasila. Ta buɗe littafin a gabansa. Zare goma sha uku ne a jere, kowane ya fi na bayansa tsawo. Ta juya shafi: ga na wasu mutum ashirin, rabi da zuma, rabi da hodar asibiti, kowa da kwanan watansa.

Likita ya ciro abin awo daga aljihu. Ya auna na farko, ya auna na ƙarshe, ya sake aunawa.

"Zai iya tafiya?"

"Baba, tashi."

Tukur ya miƙe ba sanda. Ya kai ƙofa, ya kai gindin tsamiya, sai daɗi ya ɗebe shi ya zarce wajen rijiya, har sai da Saude ta bi shi tana kira, "Kai, Malam, ba gudu aka ce ka yi ba!"

Likita ya ja layi a kan sunan. Sannan ya dafa littafin. "Zan tafi da shi. Zan rubuta wa Kaduna, a riƙa yin haka a Tsafe da duk lardi."

Wasila ta dafa ɗaya gefen. "Ga kujera, ka kwafa a nan. Kuma a saman takarda a sa Wasila Abubakar."

Ya dube ta, ta dube shi. Ya zauna, ya cire murfin alƙalami.

A waje Saude ta rangaɗa guɗa har awaki suka watse. Wasila ta fito tana jin kamar ta yi tsalle da farin kayan aikinta. Ta iske Tukur yana zazzage ƙunshin kayansa.

"Saude, ina takalmina na hagu? Da ƙafata zan shiga Furfuri."

Saude ta rufe baki da gefen gyale. "Malam, ai cewa aka yi yankewa za a yi. Na yi wa guga faci da shi."

Tukur ya daɗe yana kallon warin da ya rage. Sai ya cusa shi cikin ƙunshi, ya kama hanya ba takalmi, jakin na biye da shi ba kowa a kai.