Baƙar Wayar Akori-kurar Mainasara

Saminu ya cire kafireton motar ubansa, ya sa mata ƙwaƙwalwa irin ta motocin zamani.

Motar akori-kura ce, fara, tsohuwa. Uban nasa, Mainasara, ya saye ta tun kafin a ƙaddamar da shari'a a jihar nan. Da ita yake ɗaukar hatsi da awaki tsakanin Daura da Mai'adua. Ba a taɓa sauke mata inji ba, kuma da wannan yake taƙama a tasha. Kafireto ne ya gaji. An nema har Kano, ba a samu na kirki ba.

Saminu ya koyi gyaran motocin zamani a Kaduna. Ya dawo gida ya buɗe rumfa a bakin hanyar Kongolam, amma ba wanda ya kawo masa mota. Direbobi suka ce sai sun gani a motar ubansa. In ta yi, su kawo nasu. In ba ta yi ba, ya tattara ya koma inda ya fito. A gabansa suka faɗa.

Ya sa nozul, ya sa famfon mai, ya ɗaure akwatin ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin kujera. Aikin ƙarshe shi ne sensa. Mai walda ya huda salansa, Saminu ya ɗaura ta a ramin. Aikinta ta shaƙi hayaƙi, ta gane ko mai ya yi wa inji yawa ko ya yi kaɗan. Tana da nata ƙaramin akwati, shi ke kai wa ƙwaƙwalwa labari, ita kuma ta ƙara mai ko ta rage.

Yana cikin jan wayoyin akwatin sai ga Mainasara da amininsa, Auta mai wayarin. Tare suka tashi a unguwa ɗaya kusa da Kusugu. Auta ya tsufa, ido ya fara rauni, amma filaya ba ta barin aljihunsa.

"Tunda na sayi motar nan ba a taɓa ɗaura mata waya Auta bai sa hannu ba," in ji Mainasara. "Nuna masa."

Saminu ya rusuna ya gaida shi, sannan ya nuna.

"Baba Auta, ja ta wuta ce, ta bi ta fis, sai an murɗa makulli take samu. Rawaya ita ke kai labari. Baƙaƙe biyu ne. Mai kauri na ɗaure ta a jikin inji. Siririyar kuwa dole ta tafi har cikin ƙwaƙwalwa."

"Har ƙarƙashin kujera?"

"Har can."

"Ɗan nan, baƙa ai baƙa ce. Duk jikin mota at ne, ko'ina baƙa za ta iya sauka. Ga noti nan a gabanka."

"Wannan ba ta son jiki, Baba. In ba tare da ƙwaƙwalwa suka tsaya ba, labarin karkacewa yake yi."

Auta ya yi dariya har da tari. "Mainasara, ka ji? Yanzu waya ma tana da abin so da abin ƙi, kamar amarya."

"Kai ma ai haka kake, tsohon banza," in ji Mainasara. Ya juya ga ɗansa. "Je ka kawo mana fura."

Saminu ya tafi.

Auta bai taɓa zuwa kan mota ya tashi hannu sake ba. Ya bi siririyar wayar da yatsa. A ganinsa doguwar waya haka gogewa za ta yi a ƙarfe, wata rana ta ta da gobara. Ya datse ta. Ya feƙe bakinta da haƙori, ya ɗaure a notin da ke kusa, mai tsatsa. Ya tattara sauran wayoyin wuri ɗaya, ya naɗe su da baƙin tef, tsaf, kamar kitso.

Saminu ya dawo ya ga naɗin. Ya tsaya.

"Na kintsa maka," in ji Auta. "Aikinku na zamani kamar gidan gizo."

Ba a kwance aikin babba a gabansa. Saminu ya ce ya gode. Ya murɗa makulli, mota ta tashi, sauti lafiya lau. Ya so ta kwana a rumfa ya sake dubawa. Mainasara ya ce gobe kasuwa, ya karɓi makulli.

Washegari ya loda buhunan gero har sama, ya kama hanyar Mai'adua. Da farko sai murna. Mota tana ja kamar sabuwa. Can gaba ya fara jin ƙara a inji, kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Bai san wannan ƙarar ba. Ya ƙara taka totur don ta washe. Ƙwaƙwalwa kuwa ana ta gaya mata mai ya yi yawa, tana ta ragewa, inji yana ƙuna daga ciki. Sai wani bugu guda. Hayaƙi ya turnuƙe bonet. Mota ta mutu a tsakiyar titi.

Da igiya aka jawo ta. Hanyar rumfar Saminu ta gaban tasha ta bi, kowa ya gani. Direbobi suka biyo ta a ƙafa, suka cika bakin rumfa. Auta ma ya zo.

Saminu ya kwance kan inji ya ɗaga. Wanda ke kusa ya yi salati, saura suka ɗauka. Fistin ɗaya ya huje, ramin zai ɗauki babban yatsa. Ƙarfen ya narke ya zubo kamar dalma.

Mainasara ya sa yatsa a ramin. Ya cire. Ya sake sawa.

"Ƙarfe ne fa," ya ce. "Ƙarfe."

"Inna lillahi," in ji Isyaku, shugaban direbobin. "Injin da ya fi ɗana shekaru. Kwana ɗaya, Saminu? Kwana ɗaya tak?"

Saminu ya roƙi a ba shi wuri. Direbobi suka koma inuwar dalbejiya a waje, suna jira. Aka bar shi da ubansa da Auta.

Ya duba famfo, lafiya. Ya duba nozul, lafiya. Ya ɗauki reza ya tsaga baƙin tef. Siririyar waya ta fito, gajeruwa, a ɗaure a noti mai tsatsa.

Ya daɗe yana kallonta.

"Baba Auta," ya ce a hankali. "Kun yanke ta?"

"Na rage mata tsawo ne kawai."

"Na ce ba ta son jiki."

"Wannan 'yar wayar?" Auta ya matso da fuskarsa dab da ita, ya kalli fistin, ya sake kallon wayar. "Wannan ce ta huda ƙarfe? Ko fitilar keke ba za ta kunna ba."

"Ita ce."

Auta ya nemi wurin zama. Ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya cire hula ya riƙe.

Mainasara ya kama hannun ɗansa, ya ja shi bayan mota.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

"To. Ka fita ka ce musu akwatinka ne ya yi."

Saminu ya ɗago kai. Bai taɓa kallon ubansa ido cikin ido ba sai ranar.

"Baba?"

"Ka ji ni. Mutumin nan shi ya yanka ragon sunanka. Ido ya tafi, ƙarfi ya tafi, suna kaɗai ya rage masa. In aka ji shi ne, ba wanda zai ƙara ba shi ko ƙwan fitila ya sa."

"Ni fa? In na faɗi haka rumfar nan ta mutu yau."

"Kai yaro ne. Kaduna tana nan."

"Ba zan ambaci sunansa ba. Wallahi ko an tsare ni ba zan ambata ba. Zan tashi injin nan da hannuna, in mayar da wayar inda take, su ga mota tana tafiya."

"Za su tambaya me ya faru. In ka yi shiru, sun san hannun wanda ya naɗe tef. Isyaku ba jaki ba ne."

Daga waje Isyaku ya ɗaga murya. "Mainasara, rana tana yi! Me aka gano?"

Mainasara ya nuna ƙofar rumfa da haɓa.

"Ni na haife ka. Fita ka faɗa."

Saminu ya ajiye rezar a kan bonet. Ya durƙusa har ƙasa a gaban ubansa.

"A'a, Baba. Ba zan faɗa ba."